Yadda Muka Baro Hamani a Bakin Iyaka

Tun da na dawo Kazaure ba ni da sakat. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwa a ce, "Sabi'u, wai me ya same ku ne a Babura?" Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya har na ji wani yana cewa faɗa muka yi aka kashe mutum. Ba haka aka yi ba. Shi ya sa zan faɗe shi gaba ɗaya, daga farkonsa, ko na samu in huta.

Ga wanda bai san sana'ata ba, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai haƙar rijiyar burtsatse. Ni ba na taɓa inji. Aikina shi ne in kula da ma'aikata, in yi magana da masu gari, in nemo masauki da abinci, in kuma tabbatar mutanen da aka haɗa ni da su ba su cinye juna ba. A bazarar bana aka ba mu rijiya uku: ɗaya a ƙasar Roni, ɗaya a Gwiwa, ta ƙarshe a wani ƙauye arewa da Babura.

Mu huɗu muka tashi. Akwai Emeka, mai sarrafa injin haƙa, Ibo ne, ya taso a Sabon Garin Kano. Hausarsa ta kasuwa ce, tana isar da saƙo amma babu gaisuwa a cikinta. Akwai Hamani, direban babbar motar da ke ɗauke da injin, Bazabarme ne daga wajen Doso, dattijo mai furfura a gemu, iyalinsa suna zaune a Magarya, can cikin Nijar. Sai Bello, Bafillace daga cikin dajin Yankwashi, shi ke riƙe rodi, wato dogayen ƙarafan da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya suna nitsewa cikin ƙasa. Kowannensu da sunan da yake kira na. Emeka ya ce Oga, Hamani ya ce Shef, Bello ya ce Malam.

Ba mu yi nisa da Kazaure ba aka fara. Wani mai amalanke ya kauce mana a hanya, sai Hamani ya taka birki ya leƙa ta taga ya hau gaishe shi: ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya shanun. Emeka ya buga gaban mota da tafin hannu.

"Hamani! Ka san shi ne? Tafi mana!"

Hamani ya ci gaba da abinsa. Sai da ya gama gaisuwarsa tsaf, ya ja mota, sannan ya ce da ni ba tare da ya dubi Emeka ba, "Shef, yaron nan na haife shi ko ban haife shi ba?"

Na ce, "Ka haife shi, Baba."

"To."

Shi ke nan abin da ya faɗa har muka shiga duwatsun Roni.

A ƙauyen farko mai gari ya karɓe mu a zaurensa. Kafin in juya, Emeka ya shige da takalminsa na aiki har kan tabarma, ya miƙa wa mai gari hannu yana tsaye, ya ce, "Ina wurin da za mu haƙa?" Na durƙusa na yi ta ba da haƙuri, na ce baƙo ne. Mai gari mutumin kirki ne, ya yi dariya ya ce a bar shi. Amma da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, sai aka zuba mana mu uku a akushi ɗaya, Emeka kuma aka kawo masa nasa daban a wani tsohon kwano, da moɗar ruwa daban. Emeka ya duba kwanon ya duba namu. Bai taɓa abincin ba. Da muka koma ajin makarantar firamaren da aka ba mu masauki, ya ce, "Oga, kuturu ne ni?"

Na ce wataƙila girmamawa ce, baƙo na musamman ake ware wa kwano. Ya dube ni, ni ma na san ban gamsar da shi ba. Daga ranar ya koma dafa nasa a risho, teba da wata miya mai yauƙi da ƙamshin busasshen kifi. Ƙamshin nan kuwa Bello ba ya iya zama da shi, sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma ƙarƙashin mota. Shi Bello dama ba ya cin abinci a gaban mutane. Zai ɗauki furarsa ya zagaya bayan aji, in ka tambaye shi ya ƙoshi, ya ce ya ƙoshi, ko da tun safe bai sa komai a baki ba. A gidanmu, mu da kakanninmu suka zo daga Barno, mai jin yunwa yakan ce yana jin yunwa. Na ɗauki lokaci kafin in gane cewa a wurin Bello faɗin haka abin kunya ne.

Ƙasar Roni dutse ce. Injin ya yi ta kuka yana feso farin gari, kowa ya zama kamar an tono shi. In injin nan yana aiki ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, don haka Emeka ihu yake yi. Ihu da Bello, ihu da leburorin da muka ɗauka a ƙauyen, ihu da Hamani in yana son a matso da tankin ruwa. "Hamani! Hamani! Kai!" Yana yi yana nuna shi da yatsa. Ko da an kashe injin muryarsa ba ta sauka. Ruwa dai ya fito, muka sa bututu muka kama hanyar Gwiwa.

A kan hanyar taya ta fashe mana tsakar rana, babu inuwa sai wata 'yar aduwa. Hamani yana kwance ƙarƙashin mota yana fama da jak, Emeka ya tsaya a kansa yana ce masa ba nan ake sawa ba. Har ya taɓa ƙafarsa da bakin takalmi don ya ja hankalinsa. Hamani ya fito a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Shef, in mun isa Gwiwa ka nemi wani direba."

Da muka sauka a Gwiwa, a wani shago da ba a gama gininsa ba, na sayo ɗanwake da ƙwai, na sa Hamani ya haɗa shayinsa mai ɗaci da ake sha zagaye uku, na zaunar da su. Na ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Hamani ya ce, "A garinmu yaro ba ya kiran sunan babba gatsau. Ba ya nuna shi da yatsa. Ƙafa kuwa, kare ake taɓawa da ita."

Emeka ya buɗe baki da mamaki na gaskiya. Ya ce, "Ni ban zage shi ba. A wurinmu in muna aiki haka muke magana, ni da babana ma haka muke. Wanda nake yi wa ihu nawa ne. Wanda ba na so, shiru nake masa. Su da suka ware min kwano sun yi min ihu? Da murmushi suka yi."

Na juya ga Bello na ce shi fa. Ya ce, "Ba komai, Malam."

Muka yi ta ja har shayin ya huce. Daga ƙarshe na yanke cewa Emeka zai riƙa cewa Baba Hamani, ba yatsa, ba ƙafa. Hamani kuma zai rage tsayawa gaisuwa in muna kan hanya. Hamani ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da aka kira shi gatsau, ba zai waiwaya ba, ko da sama za ta faɗo. Emeka ya yi dariya ya ce ya ji. Ni kuma na ga sharaɗin bai fi ƙarfin kowa ba, na ce an gama.

Abin ya yi aiki a Gwiwa. Emeka yana mantawa, ya ƙwala "Hamani!", Hamani ya ci gaba da goge gilashin motarsa kamar kurma, sai Emeka ya dafe kai ya ce "Baba Hamani," sannan a waiwayo. Yaran unguwa har suka mayar da abin wasa. Wata rana ma na tarar da su biyun suna cin gyaɗa a leda ɗaya. Na ce a raina na iya aikina.

Daga Gwiwa muka komo ta Kazaure, ban ko shiga gida ba, muka wuce ta Yankwashi muka nufi Babura. Ranar kasuwa muka shiga garin. Motocin hatsi, garken awaki, 'yan Nijar da rawunansu, masu canji suna kiran sefa sefa. Hamani ya zama wani mutum daban. Nan ya san kowa, nan ake kiransa da sunan ɗansa, ya saya mana kilishi da cuku, ya nuna arewa da haɓa ya ce, "Shef, gidana yana can, mai babur zai kai ka kafin shayi ya tafasa sau biyu. In mun gama rijiyar nan ku duka za ku je ku ci dambun zogalen matata Zainabu. Har wannan mai ihun."

Ƙauyen da za mu yi aiki rairayi ne, motar ta kafe sau da yawa kafin mu isa. Aka sauke mu a zauren liman. Washegari da safe ina miƙa wa Bello kofin koko sai ya karɓa da hagu, kofin ya suɓuce. Na kama hannun damansa da yake ɓoyewa cikin riga. Ya naɗe shi da tsumma, yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi, har sun fara wari. Rodi ne ya matse shi tun a Gwiwa.

Na ce, "Bello, don Allah me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga aiki ya yi yawa, Malam."

Na ɗora shi a babur zuwa asibiti a Babura. Saura wa zai riƙe rodi? Leburorin ƙauyen ba su taɓa ganin injin ba. Na ce mu jira a turo mana wani daga Kano. Hamani ya ce ya shekara yana kallon yadda ake yi, kuma yana son a gama ya je gida. Emeka ya ce Hamani zai iya, in dai zai saurara. Na yarda.

Hantsi ya yi, an yi nisa da haƙa, ana ɗaga sabon rodi sama da igiyar ƙarfe. Ni ina gefe ina magana da mai gari. Emeka daga inda yake tsaye a kan injin ya hango igiyar tana warwarewa. Na ji muryarsa ta keta ƙarar injin.

"Hamani! Hamani!"

Na juya. Hamani yana tsaye ƙarƙashin rodin, ya ba Emeka baya, yana gyara safar hannunsa. Ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ya ji. Wannan tambayar kada wanda ya sake yi mini ita, don ba ni da amsarta. Igiyar ta tsinke, ƙarfen ya sauko masa a wuya da kafaɗa.

Muka sa shi a bayan wata a-kori-kura ta mai gari. Emeka ya rungume kansa a cinya yana ta cewa, "Baba Hamani, Baba Hamani, ka yi magana." Kafin mu fita daga rairayin Hamani ya cika. A asibiti likita ya duba ya tabbatar, 'yan sanda suka zo suka yi tambayoyinsu suka ji daga bakin mai gari da leburori, suka ce mu yi masa sutura.

Nan wata rigimar ta tashi. Liman da mai gari da suka biyo mu suka ce a yi wanka a sallace shi bayan azahar, zafin nan ba ya jira. Emeka ya tsaya a ƙofar ɗakin da gawar take, ya buɗe hannuwa.

"Yau? Yanzu? Matarsa ba ta gan shi ba, 'ya'yansa ba su gan shi ba. Don shi baƙo ne za ku jefa shi rami kamar akuya?"

Wani daga cikin mutanen ya harzuƙa ya ce a janye wannan mutumin, me ya haɗa shi da gawar Musulmi. Na shiga tsakani na ja Emeka gefe. Na ce masa ko mahaifina da ya rasu da safe, kafin azahar an rufe shi, kuma yayana da ke Legas bai same shi ba. Gaggawar nan ita ce girmamawar da muke yi wa mamaci. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce a garinsu ana ajiye mutum a ɗakin sanyi har sai kowa nasa ya iso, ko daga ina, sannan a kai shi gidan ubansa a binne shi a tsakar gida, inda za a riƙa ganin kabarin kullum. Ni tun ina yaro nake jin wannan al'ada tasu, kuma kullum ina ɗaukarta wahalar da gawa. Ban taɓa tunanin su ma suna kallon tamu a matsayin yar da mutum ba.

Na kira Zainabu da wayar Hamani. Ban san yadda na faɗa mata ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ku kawo mini shi." Yayanta, Malam Isufu, ya karɓi wayar ya ce mu rufe shi kawai, Allah ya riga ya yi ikonsa. Ina jin muryarta a bayansa tana cewa, "Ina son in ga fuskarsa."

Na roƙi liman ya ba ni zuwa la'asar. Bai so ba, amma ya yarda, ya ma shiga motar tare da mu. Bello ya fito da hannu a naɗe da bandeji, an ce ya kwanta ya ƙi, ya hau baya ya zauna wajen ƙafafun gawar. Muka kama hanyar Babban Mutum, inda iyaka take.

A bakin iyaka jami'ai suka saurare mu da mutunci. Suka ce ƙetarewa da gawa sai da takardu daga wannan ɓangaren da wancan, kuma ba abin da zai kammalu a ranar. Emeka ya fara ɗaga murya, na riƙe masa hannu. Wani jami'i mai shekaru ya matso ya ce da ni a hankali, "Malam, mai rai ya fi saurin ƙetarewa. Ku ce ta zo."

Aka ba mu wani zaure a garin, mutanen da ba su taɓa saninsa ba suka kawo ruwa da likkafani, aka yi masa wanka. Muka zauna jira. Rana ta karkata, liman yana duban sama yana dubana. Ana kiran la'asar sai ga babura biyu sun taso daga arewa. Zainabu 'yar siririya ce, ta lulluɓe da baƙin mayafi, ƙafafunta duk ƙura. Liman ya sa aka buɗe mata fuskar. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ta yi masa addu'a, ta shafa gemunsa, ta miƙe. Ba ta yi kururuwa ba.

Da ta fito ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wane ne Emeka?"

Ya matso.

"Kai ne mai yi masa ihu?"

Ya ce, "Ni ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai, ta juya ta shiga cikin gida wurin mata. Emeka ya tsaya a wurin. Daga baya ya ce da ni da ma ta mare shi, da ma ta yaga masa riga kamar yadda matan garinsu za su yi. Wannan shirun bai san inda zai ajiye shi ba.

Aka yi sallah, shi yana tsaye can nesa jikin wata bishiyar darbejiya. Ya biyo mu maƙabarta daga baya. Da ya ga an sa Hamani a kabari ba akwati, an jera itace an rufe da ƙasa, an kafa guntun tukunya a wajen kai, sai ya raɗa mini, "Ba suna? Ɗansa in ya girma yaya zai gane wurin?" Na ce addu'a tana isa ko daga ina. Sai na ga yana duban bishiyoyin da ke kewaye, yana ƙoƙarin riƙe wurin a kansa.

Bayan an yi sadakar uku muka koma ƙauyen, don rodinmu suna cikin ƙasa, mutane kuma suna jiran ruwa. Kamfani ya turo sabon direba da sabuwar igiya da wani mai riƙe rodi. Emeka ya yi aikin ba tare da ya ɗaga murya ko sau ɗaya ba. In yana son abu sai ya kashe injin gaba ɗaya, ya sauko, ya je ya faɗa, ya koma ya tayar. Aikin yini ya zama na kwanaki, na ƙyale shi. Ranar da ruwa ya feso mata suka yi guɗa, yara suka shiga ciki suna tsalle. Mu muka naɗe kayanmu.

Bello an yanke masa yatsa ɗaya, ya koma wurin shanun gidansu. Da na je duba shi ya ce ba komai.

Emeka kuwa a tashar Kazaure muka rabu. Ya riga ya sa jakarsa a motar Kano, sai ya dawo ya tsaya a gabana.

"Oga, in na mutu a wajenku, kada ku yi sauri. Ku sa ni a sanyi, ku kira uwata. Ko wata guda ne ku jira ta."

Na ce na ji.

Ya ce, "A'a. Ka rantse da Allahnka."

Na rantse masa a tsakiyar tasha, 'yan kamasho suna kallonmu. Ya gyaɗa kai, ya shiga mota ya zauna can baya. Da motar ta tashi na ɗaga masa hannu, amma fuskarsa tana cikin tafukansa, bai gani ba.